Wa ya kashe Birnin Gazargamu, masu jihadi ko masu birnin?

Modu Gaidam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na je kufan Birnin Gazargamu, tsohon babban birnin daular Barno. Ku yi mini dariya in kun ga dama: a Gaidam aka yanke cibiyata, shekarata 41, ina koya wa yara labarin Mai Idris Alauma a aji, amma ban taɓa taka wurin ba sai yanzu, alhali bai wuce kamar kilomita 30 gabas da mu ba. Da ƙuruciya ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, da muka girma kuma sha'anin tsaro ya hana. Wannan karon da aka ce hanya ta yi dama-dama, wani abokina ya goya ni a babur. Sau uku muna sauka muna tura shi cikin rairayi.

Ganuwa za ka fara gani. Ta zube ta zama dogon tudu da ya yi zobe, ƙaya da tumfafiya sun fito a kanta. Da na hau sama na leƙa ciki sai jikina ya yi sanyi. Fili ne fetal iya ganinka, sai aduwa jefi-jefi, da goruba can ta wajen kogi. Wajen tsakiya, inda aka ce nan fada take, ƙasa har ta yi ja saboda gutsattsarin jan bulo. Na ɗauki guda, falale ne ba kauri, ga nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi yana amo kamar kasko. Tsingaro kuwa duk inda ka sa ƙafa. Mun tarar da wani yaro yana kiwon awaki, na tambaye shi sunan wurin, ya ce "Birni." Na ce birnin wa? Ya ɗaga kafaɗa ya bi awakinsa.

Ga abin da ya hana ni barci. Kullum ana ce mana Fulani suka ci birnin a 1808 suka ƙone shi, shi ke nan. To ai an ci Kano ma a lokacin jihadi, ga ta nan. Kukawa sau biyu ana rushe ta, har gobe akwai mutane a ciki. Me ya sa wannan, da ya yi sama da shekara 300 yana juya rabin ƙasar nan, aka bar wa awaki?

Bappa Misau:
Modu bawana, ka je ka gano aikin iyayen gidanka ke nan. Ka gaishe mini da awakin.

Modu Gaidam:
Ga shi nan ya fito. Bappa, kakanka da ya shiga fadar ko wata nawa ya yi a ciki kafin a raka shi?

Bappa Misau:
Ko kwana ɗaya ne ai ya kwana. Ka tambayi Mai naku inda ya kwana a daren.

Hajiya Yagana:
Ku dai ba ku gajiya da wasan nan. Modu ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka je. Kakata ba ta taɓa cewa Gazargamu ba, "Birni" kawai take cewa, kamar yaron nan. In ta ga mace ta iya ɗaura zane, ta iya turare, ta iya gaisuwa, sai ta ce wannan jinin Birni ce. Ita kanta ba ta taɓa ganin wurin ba, a Yerwa aka haife ta.

Ummi Azare:
Malam Modu, sannu da hanya. Ni ɗalibar tarihi ce, kuma ina ganin amsar tambayarka tana cikin yadda aka kafa birnin tun farko, don haka ku yi haƙuri in ɗan ja baya.

Sarakunan gidan Saifawa, waɗanda suka mulki Barno da laƙabin Mai, ba a nan suka fara ba. A Kanem suke, gabas da Tafkin Chadi, babban birninsu Njimi. Wajen ƙarshen ƙarni na 14 ƙabilar Bulala suka matsa musu da yaƙi har suka bar Kanem suka tsallako yammacin tafki. Kusan shekara ɗari ba su da mazauni tsayayye, yau nan gobe can, ga kuma rikicin cikin gida tsakanin zuriyar Mai Idris da zuriyar Mai Dawud, wannan ya hau a tumɓuke shi, wancan ya hau a kashe shi. Mai Ali Gaji ne ya kashe wutar, ya kuma gina Gazargamu wajajen 1470. Masana sun saɓa a kan ainihin shekarar, wasu su ja ta baya kaɗan wasu su turo ta gaba.

Ku dubi inda ya zaɓa. Tsakanin koguna biyu ne, Komadugu Yobe ta arewa da Komadugu Gana ta kudu. A ƙasar da damina ba ta da tsawo, wanda ya riƙe kogi ya riƙe kifi, fadama, da makiyayar dawaki. Yamma ga hanyar ƙasar Hausa. Arewa ga hanyar Kawar da Bilma, ta wuce Fezzan ta faɗa Tarabulus a Libiya ta yau, wadda tana cikin hanyoyin da suka fi sauƙin ruwa a duk Sahara. Sannan ya yi nesa da Bulala. Har ɗansa, Idris Katagarmabe, da ya koma ya ci Bulala ya shiga Njimi, bai mayar da gadon sarauta can ba, ya dawo Birni.

Abin lura shi ne sarki ne ya yanki daji ya kafa shi don fadarsa. Kano kuwa akwai mutane gindin Dala suna noma suna ƙira tun kafin a yi sarki. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Hajiya Yagana:
Gaji da Barbarci auta ke nan. Har yanzu muna sa wa 'ya'ya.

Habu Bakano:
Kafin a yi nisa, a rubuta a ajiye: ruwan da Birnin ya sha namu ne. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya gamu da na Jama'are aka sami Yobe ɗin. Shekara 300 muna shayar da ku kyauta.

Modu Gaidam:
Shi ya sa da kuka tashi ramawa kuka datse shi a Tiga a 1974, kuka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992. Habu, zo ka tambayi dattawan masunta a nan yadda kogin yake da, da yadda yake yanzu. Ɗan abin da ya tsere muku kuma ciyawar kacala ta toshe masa hanya tsakanin Haɗeja da Nguru.

Habu Bakano:
Wannan kuma ka kai ƙara Abuja. Ni dai na san sarkinku Alauma ya zo Kano da bindigogin Turkawa, ya koma bai hau Dala ba.

Ummi Azare:
Yaya Habu ya yi gaskiya a nan, kuma ba Kanawa suka faɗa ba, limamin Alauma ɗin ne da kansa, Imam Ahmad bin Furtu, wanda ya rubuta yaƙe-yaƙensa wajajen 1576. Ya ce an rurrushe garuruwan da Kanawa suka kakkafe a kan iyaka, Dala ce ta gagara. Sai dai kada Yaya ya manta, tarihin Kano ma ya kawo cewa a zamanin Abdullahi ɗan Rumfa Sarkin Barno ya taso, Sarkin Kano ya fita da malamai ya ba shi haƙuri.

Habu Bakano:
Wannan siyasa ce, ƙanwata. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Injiniya Lawan:
Ni abin da ke damuna adadin nan ne da ake ta yawo da shi, wai mutum 200,000 ne a birnin. Malam Modu, kai da ka hau ganuwar, daga wannan gefe kana hango wancan?

Modu Gaidam:
Ana hangowa, ranka ya daɗe, in ba ƙura.

Injiniya Lawan:
To ka gani. Masu tonon kufai da suka auna sun ce faɗinsa kamar kilomita 2 ne, kewayen ganuwar ya ɗan haura kilomita 6, ƙofofi biyar. Kowa ya ɗauki biro. Da'ira mai faɗin kilomita 2 ba ta wuce murabba'in kilomita uku da 'yan kai ba. Ka zuba mutum 200,000 a ciki, kowane murabba'in kilomita ya ɗauki sama da 60,000. Ba bene, ba famfo, ga dawaki, ga raƙuman fatake, ga filin fada, ga kasuwa. A ina za su kwanta? Kano da ganuwarta ta ninka wannan nesa ba kusa ba, Barth, Bajamushen matafiyin da ya shige ta a 1851, kimanin 30,000 ya ƙiyasta mazaunanta.

Adadin 200,000 ɗin nan daga Denham ya fito, Baturen Ingila da ya ga kufan a 1823. Bai ƙirga kowa ba, kango ya tarar, faɗa masa aka yi. Wanda aka kora daga gidansa shekara goma sha biyar da suka wuce, in ka tambaye shi girman gidan, ai ka san abin da zai ce.

Kaka Modu Yerwa:
Injiniya, kullum ku 'yan boko aikinku rage mana tarihi. In Bature ya ce ƙanana ne ku yarda, in ya ce manya ne ku ce an yi masa ƙarya. Akwai rubutun Larabci na wani malami tun wajajen 1658 da ya ce tituna 660 ne a birnin, masallatan Juma'a huɗu, kowanne mutum 12,000 ke salla a ciki. Shi ma ƙarya yake?

Injiniya Lawan:
Allah ya huci zuciyarka Baba. Ban ce ƙarya ba, yabon sarki yake, kuma kowa ya san yadda ake yabon sarki. Amma mu ɗauka haka ne. Huɗu sau 12,000 ya ba da 48,000. Ranar Juma'a ai har na ƙauyukan kewaye shigowa suke. In ka ce mini birni da ƙauyukansa na bakin kogi, har garin Gambaru da ke kusa da shi, sun tara jama'a mai yawan gaske, ban musa ba. Cikin ganuwa ne na ce ba zai ɗauka ba. Kuma birni mai mutum dubu talatin ko arba'in a wancan zamani ba ƙaramin birni ba ne ko a ina.

Kaka Modu Yerwa:
Ni dai ban gamsu ba, amma na ji lissafin.

Isuhu Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina biye da ku daga Zinder. Ina so in tuna muku Birnin nan ba naku ba ne ku kaɗai, iyakar da Faransa da Ingila suka ja ce ta bar shi wajenku. Daga kufan zuwa ƙasarmu tafiya kaɗan ce, kogin nan ma can gaba shi ne iyaka, ya bi ta Difa har ya faɗa tafki wajen Boso. Ƙasar Manga da Muniyo da Damagaram duk Barno suke kai wa gaisuwa. Kanwa da gishirin Manga da kakanninku suka ci, daga wajenmu ake ɗauko su. Sarakunan Damagaram sun ci gaba da bin Kukawa har cikin ƙarni na 19, sai da suka yi ƙarfi zamanin Tanimun suka fara ɗaga kai.

Kuma Malama Ummi, in za a lissafa abin da ya raunana Birnin, a sa Abzinawa a ciki. A ƙarni na 18 cinikin gishirin Bilma ya koma hannun Buzayen Agadas, ayari ya riƙa bi ta Abzin ya sauka ƙasar Hausa kai tsaye. Kuɗin da ke shiga Birni ya koma Kano da Katsina.

Alaramma Isiyaku:
Wa alaikumus salam. Ni ba ɗan boko ba ne, yarona ke karanta mini ina faɗa yana rubutawa. Ina da shekara 12 mahaifina ya damƙa ni hannun malami muka tafi gabas. Duk almajirin ƙasar Hausa ya san in an ce gabas ba Makka ake nufi ba, Barno ake nufi. Mun yi Gashuwa, mun yi Gaidam, mun yi ƙauyukan bakin kogin nan, muna kwana a bukkar kara, muna tashi cikin dare mu hura wuta mu yi ta tilawa har asuba. A can na haddace, a can na iya rubutun Barno, mai kaurin nan da in ka ga Alƙur'ani bugun hannu ka san daga inda ya fito.

Abin da nake so in ce, Malam Modu ya ce an bar wa awaki. Ƙasa aka bar musu. Kalmar tsangaya daga ina ta zo mana? Gwani fa? Su suke cewa Goni. Galadima, Ciroma, Yarima, Kacalla, duk sarautun da ake naɗawa a fadojin Hausa yau, daga wace fada aka aro su?

Ummi Azare:
Allah ya gafarta Malam, har masana harshe sun ce kalmomin karatu, rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka shigo Hausa. Galadiman Barno kuwa a Nguru yake zaune, shi ke tsaron yamma, wato shi ne idon Mai a kan ƙasar Hausa.

Habu Bakano:
Kasuwa kuma? Yanzu har kasuwar ma za a ce aro muka yi? To mun gode, mun kuma fi masu ita iyawa.

Adamu Fataskum:
Ina ta karantawa ina jiran wani ya taɓo ɗaya gefen, na ga ba mai niyya. Ni Bangizime ne. Littafin limamin nan da ake yabo, ku karanta abin da ya ce an yi wa Ngizim, da Margi, da mutanen So da ke zaune a bakin kogin tun kafin Saifawa su zo. A sare itatuwansu, a lalata amfanin gona da damina, a kashe maza, a kwashe mata da yara. Shi limamin da alfahari ya rubuta, don a wurinsa nasara ce.

Dawakin nan da bindigogin da me aka saye su? Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta tun farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno na ba fataken arewa bayi 15 ko 20 a kan doki ɗaya. Hanyar Fezzan ɗin nan da ake cewa mai sauƙin ruwa, Turawan da suka bi ta a 1820 da wani abu sun ce ƙasusuwan bayi suka riƙa gani a bakin rijiyoyi. Ban ce kada a yi alfahari da Birni ba. Amma wanda ya ɗauki jan bulon nan ya tuna akwai wanda ya kwaɓa ƙasar, kuma ba lalle da son ransa ba.

Kaka Modu Yerwa:
Wace daula ce a duniya ba ta yi haka ba a lokacin? Sakkwato ba ta yi ba? Kano ba ta yi ba? Sai Barno za a ware?

Adamu Fataskum:
Duk sun yi, Baba. Yau dai zancen Barno ake. Ranar da aka ɗauko na Sakkwato ka kira ni, zan zo.

Mai kula da zaure:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci. Abin da Adamu ya kawo yana cikin tarihi, ba zagi ba ne. Wanda ya saki baki zan goge.

Ummi Azare:
Bari in dawo kan tambayar Malam Modu, don an kusa mantawa da ita.

Kafin 1808 daular ta riga ta jigata. Ga abin da Malam Isuhu ya faɗa na gishiri, ga fari da yunwa da aka sha a ƙarni na 18, ga mummunan kayen da rundunar Barno ta sha a Mandara wajajen 1781. Da tutocin jihadi suka tashi a yammacin Barno, Mai Ahmad ya tsufa, idonsa ma ya tafi. Gwani Muktar, ɗaya daga jagororin masu jihadi, ya shiga Birni a 1808, Mai ya fice ta gabas, ya sauka ya naɗa ɗansa Dunama. Dunama ya nemi taimakon wani malami da ke zaune a Ngala, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda muke kira Shehu Laminu. Suka dawo suka ƙwace birnin, aka kashe Gwani Muktar. Ba a daɗe ba Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa mana Katagum, ya sake cin sa. Shi ma bai zauna ba, ya janye.

To ku duba da kyau. Masu jihadi sun iya cin birnin, ba su iya riƙe shi ba, ya yi musu nisa da gida. Mai ya iya komawa, bai iya tsare shi ba, don yammacin ƙasar duk ya fita hannunsa, birnin da yake tsakiya ya wayi gari a bakin iyaka. Saura mutum ɗaya da ke da ƙarfin raya shi, Shehu Laminu. Shi kuwa me zai kai shi? A Birni akwai Kaigama shugaban mayaƙa, akwai Yarima, akwai Magira uwar sarki, akwai gidajen da suka yi shekara ɗaruruwa suna naɗa sarki suna sauke shi. Can shi baƙo ne, malamin da aka kira taimako. Ƙarfinsa na wajen Kanembu da Larabawan Shuwa, a bakin tafki. Sai ya gina Kukawa a 1814, Mai kuma aka ajiye shi a Birnin Kafela, yana da laima da kakaki, iko na wani wuri. A 1846 Shehu Umar, ɗan Laminu, ya kawo ƙarshen sarautar Saifawa gaba ɗaya.

Shi ya sa na ce a riƙe maganar farko. Garin da aka kafa don fada, in fada ta tashi, malamai za su bi ta, fatake za su bi ta, maƙera da masaƙa za su bi fatake. Gidajen talakawa kuma yawanci na kara da ciyawa ne, damina biyu uku ta ishe su. A Kano waɗanda suka ci garin 'yan ƙasar ne, suka shiga Gidan Rumfa suka zauna, Kurmi ta ci gaba da ci. Alƙalawa ta Gobir, da ta faɗi a shekarar nan ta 1808, ita ma ba wanda ya zauna ya yi mulki a cikinta, ku je ku ga yadda ta koma.

Bappa Misau:
Alhamdu lillahi. An wanke mu. Modu ka ji, mu mun taɓa ne kawai, ku kuka ƙarasa.

Kaka Modu Yerwa:
A'a 'yata, ban yarda a ɗora wa Shehu Laminu ba. Ba don shi ba da yau ba Barno. Mutumin da ya tsaya da takobi da alƙalami? Ku karanta wasiƙun da ya yi da Muhammadu Bello, Bello da kansa ya kawo su cikin Infaƙul Maisuri. Shehu Laminu ya tambaye su da wace hujja kuke yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna zakka? Ya ce saɓo ba kafirci ba ne, in don saɓo ne to ba ƙasar Musulmin da za ta tsira. Har ya zarge su da watsar da littattafai a kan hanya. Wanda ya damu da littattafan Birni haka, shi za a ce ya kashe shi?

Bappa Misau:
Wasa a gefe, Baba. Bello ma ya ba da amsa. Ya ce Mai ne ya fara ɗaura wa sarakunan Hausa gindi a kan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma akwai yanke-yanken da ake yi wa duwatsu da itatuwa da kogi. Ko an yarda da hujjar ko ba a yarda ba, ba haka kawai aka wayi gari aka far wa birnin ba. Mu a Misau zuriyar Gwani Muktar ke sarauta, ta ɗansa Mamman Manga, kuma abin da zai ba ka mamaki, har yau akwai sarautu da al'adun Barno a fadarmu.

Ummi Azare:
Baba Kaka, ban ce ya kashe shi da gangan ba. Ya ceci daular, ya bar birnin, don ceton daular bai buƙaci birnin ba. In ni ce a matsayinsa wataƙila haka zan yi. Amma in ana neman ranar da Gazargamu ta mutu, ni a wurina ba ranar da Gwani Muktar ya shiga ba ce, ranar da aka aza tubalin Kukawa ce.

Kaka Modu Yerwa:
Wannan maganar taki tana da nauyi. Zan kwana da ita.

Isuhu Damagaram:
Malam Modu, kun ƙarasa Gambaru?

Modu Gaidam:
Ba mu samu ba, rana ta yi, abokina kuma ya ce kada magariba ta same mu a daji. Tana nan kusa, a bakin kogi, 'yan kilomitoci ne. An ce gininta na jan bulo ya fi na Birni saura, kuma ana danganta shi da Magira Aisa Kili, wadda aka ce ta riƙe sarauta kafin Alauma ya girma. Wani dattijo a nan ya ce mini Turkawa suka gina.

Ummi Azare:
Haka ake yawan faɗa, saboda Alauma ya aika jakadu Istanbul wurin Sultan Murad na uku a shekarun 1570, kuma akwai Turkawa masu bindiga a rundunarsa. Amma a Kanem, cikin Chadi, akwai kufai na jan bulo da bincike ya nuna sun girmi wannan zamanin da shekaru ɗaruruwa. Da sana'arsu Saifawa suka tsallako.

Hajiya Yagana:
Modu, tsaya. Bulon da ka ce ka ɗauka ka ƙwanƙwasa, ka ajiye shi inda ka gan shi?

Modu Gaidam:
Hajiya...

Hajiya Yagana:
Na san za a rina. In kowa ya je ya sa ɗaya a aljihu, jikokinka me za su tarar? Haka aka yi ta kwasa ana kafa murhu da shi. Ga masarauta guda a Gaidam mai sunan Gazargamu, ku malaman makaranta ku haɗu ku je fada ku yi magana, ko allo ne a kafa a wurin, ko mai gadi a sa.

Modu Gaidam:
Na karɓi laifina Hajiya, zan mayar, dama ina bin Gambaru bashi. Amma ki bar ni da shi zuwa Juma'a. Jiya na kai shi aji, ya zaga hannu-hannu, yara 70 ba wanda ya yi surutu, abin da ban taɓa gani ba. Har shinshina shi suke. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, Malam, da wane icce suka gasa shi, tunda wurin ba itatuwa? Na ce ta bari sai gobe. Injiniya, Malama Ummi, ku taimake ni kafin ƙarfe takwas.

Injiniya Lawan:
Ka ce mata ta dubi bakin kogi, sannan ta tambayi kakanta yadda dajin yake yana yaro. Kuma yarinyar nan ka sa mata ido.

Bappa Misau:
In icce ya gagara, da kashin shanunmu suka gasa. Ka faɗa mata haka, bawana.